Masu faci da masu lauyoyi

Duk wanda ya taɓa riƙe manet a gidan gem a garin nan na Damagaram ya san ƙungiyar da ake ce wa Man Blue, ya san London FC, ya san Merseyside Red. Babu ƙungiyoyi masu waɗannan sunaye a Ingila. Manchester City ce da Chelsea da Liverpool, sai dai a yawancin shekaru kamfanin Konami mai wasan ƙwallo na PES bai da izinin sa sunayensu da tambarinsu, don abokin hamayyarsa EA mai FIFA shi ke riƙe da yarjejeniyar gasar Firimiya. Sai ya laƙa musu sunayen ƙarya da riguna marasa tambari. Amma ka leƙa gidajen gem na Zangou ko na Sabon Gari, za ka tarar da Chelsea da sunanta na gaskiya, da rigar bana, har da ɗan wasan da aka sayo watan jiya. Kuma wani lokacin a kan PlayStation 2 ne, na'urar da Sony ya daina ƙerawa tun farkon 2013, wadda PES na ƙarshe da ya fito mata shi ne na 2014.

Wannan aikin masu faci ne. Mutane ne da ba a ɗauke su aiki ba, ba a biyan su albashi, suna zaune a ɗakunansu a Indonesiya ko Masar ko Brazil, suna buɗe cikin wasan suna sauya hotuna da sunaye da lambobi, wasu har da murya da filin ƙwallo. Turawa na ce wa abin mod, mu a nan faci muke cewa. A Brazil akwai wanda ake kira Bomba Patch, tun 2007 suke sabunta tsohon PES na PlayStation 2, har ya zama abin raha a ƙasar cewa sukan sa sabon ɗan wasa a ƙungiyarsa kafin ya gama sa hannu a kwantiragi.

Ni na yi shekaru ina riƙe da gidan gem kafin in koma gyaran waya kusa da Kasuwar Dole, kuma har yau rabin masu shigowa shagona ba allo ne ya fashe musu ba, wasa suke so in zuba musu. Don haka idan na ji labarin wani kamfani ya aika wa masu faci takardar lauya ya ce su rufe, ba na jin sa kamar labarin wata duniya. Da guminsu na ci abinci.

A watan Oktoba na 2011 Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu Nijar, ta samu shiga gasar cin kofin Afirka karo na farko. Rukuninmu akwai Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo. A ranar ƙarshe Masar ta ci mu uku da nema, amma lissafin karawa tsakanin masu maki ɗaya ya ba mu, yayin da ƴan Afirka ta Kudu ke ta rawa a filinsu suna zaton su ne suka wuce. Washegari yara suka cika mini shago, kowa Mena yake so ya buga da ita, kuma a faifan da muke da shi babu Mena. Akwai Najeriya, akwai Kamaru, akwai Gana, ban da mu. Sai wani yaro da ke taya ni karɓar kuɗi, wanda a lokacin ko kolej bai gama ba, ya ce in bar masa maɓallin shago. Ya kwana a sashen gyare-gyare na wasan. Ya ɗauki wata ƙungiya da ba mai buga ta, ya goge sunanta, ya rina rigarta ruwan lemo da fari da kore, ya shiga ƙera ƴan wasa ɗaya bayan ɗaya yana duba wata jarida da ta sha hannu. Ya yi Kassaly Daouda a gola. Da ya zo kan Moussa Maazou, wanda ya ci Masar a Yamai shekara guda kafin nan, sai ya ba shi gudu 99. Aka kwana biyu ana rigima kan wannan lambar, masu cewa an yi ha'inci da masu cewa ai ma an rage masa. Katin memwar ɗin nan mai megabait 8 ya yi yawo gida-gida ana kwafa, har na ji an kai shi Mirriya da Magariya.

Konami bai hana wannan ba, shi ya sa ƙofar a cikin wasan, daga baya ma ya yarda a riƙa shigar da riguna da tambari ta memwar USB a PlayStation 4. Ya san abin da masoya ke yi, ya kau da kai, don suna toshe masa ramin da kuɗinsa suka kasa toshewa. Amma ba kowane kamfani ke da wannan halin ba.

Nintendo shi ne sarkin masu tsanani. Wani ɗan Ajantina mai suna Milton Guasti ya kwashe kusan shekara goma yana sake gina wani tsohon wasa na 1991, Metroid II, shi kaɗai da ƴan mataimaka, kyauta. Ya sake shi a watan Agusta na 2016, daidai lokacin da Metroid ke cika shekara 30. Cikin ƴan kwanaki takardun lauyoyi suka fara sauka a shafukan da ke ɗauke da shi. A watan nan dai aka janye Pokémon Uranium, wanda masoya suka yi shekara 9 suna yi, bayan an sauke shi fiye da sau miliyan ɗaya da rabi. A 2024 kuma masu Garry's Mod suka sanar cewa an tilasta musu share duk abin da ya shafi Nintendo a cikin kayan da jama'a suka tara na kusan shekara 20. A Agustan wannan shekarar kamfanin Activision mai Call of Duty ya yi wanda ya fi ba ni haushi. Wasu matasa sun shirya faci mai suna H2M da zai dawo da salon tsohon Call of Duty na 2009, kuma sai ka mallaki wasan kamfanin na 2016, Modern Warfare Remastered, na halal kafin ya yi maka aiki. Jama'a suka yi ta saye a Steam, shagon wasanni na intanet, inda aka yi rangwamen farashi, har wasan na 2016 ya hau jerin waɗanda aka fi saye. Ana gobe za a saki facin, takarda ta iso.

Na kawo wannan maganar a fadarmu wani dare ana shayi, ina ta zafi. Yayana, wanda ya karanta shari'a a Yamai kuma ba ya barin magana ta wuce shi, ya bari na gama sannan ya ce, "To kai wasan da kake zuba wa mutane, nawa ka saye shi?"

Na ce, "Yaya, wannan wata magana ce daban."

Ya ce, "Ita ce dai. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Kuma batun da ya tayar na gaskiya ne. Bature idan yana kare faci, hujjarsa ta farko ita ce na saya da kuɗina, in ga dama in sauya. Mu a Damagaram ba mu da bakin faɗin haka. Sabon babban wasa a yau dalar Amurka 70 ne, wajen jika arba'in kenan a kuɗinmu, kuma mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata tun 2024. Ba wanda zai ba da albashinsa na wata don ƙwallon tele. Faifan da muka girma da su daga Kano ake kawo su a kwali, kowa ya san ba na kamfani ba ne. Wannan hujjar ta Bature ba tamu ba ce, kuma ko a wurinsa ba ta da ƙarfi yadda yake zato, don dogon rubutun nan da kowa ke danna wa "na yarda" bai karanta ba cewa yake yi ba a sayar maka da wasan ba, izinin amfani aka ba ka.

Yayana ya ci gaba da karatunsa. A Amurka akwai dokar 1998 da ake kira DMCA, wadda ta sa idan mai haƙƙi ya aika ƙorafi, shafin da ke ɗauke da kayan yakan sauke su nan take don ya tsira da kansa, tun kafin wani alƙali ya duba. Mu ma ba a daji muke ba: Nijar na cikin ƙungiyar kare haƙƙin ƙirƙira ta Afirka, OAPI, mai hedikwata a Yawunde, bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977, kuma muna da ofishin BNDA mai kula da haƙƙin mawallafa. Ya ƙara da cewa ko ta fuskar addini, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988 ta yanke cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira abin karewa ne, ba a yi masa ta'adi. Ya ce in na ga mawaƙin garin nan yana kuka an kwafe masa waƙa a memwar ana sayarwa, ba zan ce masa ya yi haƙuri masoyansa ne ba.

Ban musa masa ko ɗaya ba. Doka tana tare da kamfanoni, kusan ko yaushe. Abin da nake musu a kai shi ne ko duk abin da doka ta ba ka ikon yi ya kamata ka yi.

Akwai inda nake goyon bayansu ɗari bisa ɗari, kuma a shagona nake ganin dalili. Kwanakin baya wata Hajiya ta shigo riƙe da hannun ɗanta, ɗan shekara goma sha uku ko sha huɗu, ido ya yi ja. Ta ajiye wayarta a teburi ta ce, "Ɗana, duba min, tun shekaranjiya take zafi, kuɗin kira kuma suna tafiya ban kira kowa ba." Na buɗe. Yaron ya sauke abin da suke kira Free Fire mai hak daga wani zaure na WhatsApp, an yi masa alkawarin daimon kyauta da harbin kai ba kuskure. Manhajar ta nemi izinin karanta saƙonni da lambobin waya da hotuna, ya danna mata duka. Talla na fitowa ko wayar na kulle. Asusunsa na gaskiya, wanda ya shekara yana tara kuɗin kalaci yana yi wa ado, kamfanin Garena mai wasan ya rufe shi. Na ce masa, "Kai, wa ya ce maka ana ba da daimon kyauta?" Ya sunkuyar da kai. Hajiya ta ce, "Ka faɗa masa dai, ni na gaji." Sai da na wanke wayar gaba ɗaya, hotunan bikin ƴarta waɗanda ba a ajiye a ko'ina ba suka tafi.

Irin wannan ban kira shi faci ba, cuta ce. Wasan da mutum hamsin ke bugawa tare a intanet, idan ɗaya yana gani ta bayan bango, ya ɓata wa arba'in da tara lokacinsu da forfe ɗinsu. Kamfani ya kore shi, ya bi wanda ya rubuta manhajar har kotu, ban da ta cewa. Haka masu WhatsApp GB da ke zuwa kullum suna cewa an rufe musu lamba: ina tausaya musu, amma ka miƙa duk hirarka ga manhajar da ba ka san wa ya taɓa cikinta ba. Ko manyan shafukan faci ba su tsira ba. A watan Yuni na 2023 an gano ƙwayar cutar kwamfuta a cikin facin Minecraft da dama a CurseForge, shafin da miliyoyi suka amince da shi.

Akwai kuma tsoron da ya samo asali daga 2005. GTA San Andreas, wanda har yau yaran garin nan ke tuƙa mota a cikinsa a waya, an taɓa samun wani ɗan Holan da ya buɗe wani sashe na batsa da ke kulle a faifan. Hukumar da ke yi wa wasanni aji a Amurka ta mayar da shi na manya zalla, manyan shaguna suka kwashe shi daga kanta, kamfanin ya sake buga faifai ya tafka asarar miliyoyin daloli. Da farko an so a ɗora wa masu faci laifin. Daga baya ta bayyana cewa ma'aikatan kamfanin Rockstar mai wasan ne suka rubuta abin suka bar shi a ciki, ɗan Holan ɗin ƙofa kawai ya tura. Duk da haka na fahimci dalilin da ya sa lauyan kamfani ke firgita da ganin sunan ubangidansa manne da abin da bai iko da shi.

To amma a duba inda arzikin waɗannan kamfanoni ya fito. Counter-Strike faci ne da ɗalibai biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka yi wa Half-Life a 1999. Kamfanin Valve mai Half-Life bai kai su kotu ba, ya ɗauke su aiki a 2000, kuma yau shekara fiye da ashirin wasan na kawo masa kuɗi. Dota taswira ce da masoya suka zana a cikin Warcraft III a 2003. Kamfanin Blizzard mai Warcraft ya yi sake, Valve ya ɗauki wanda ke kula da ita ya fitar da Dota 2 a 2013. Abin ya yi wa Blizzard ciwo har da ya sake fitar da Warcraft III a 2020 sai ya rubuta a sharuɗɗa cewa duk abin da ka ƙirƙira a ciki nasa ne. Shi kansa salon nan na a zuba mutane a tsibiri wanda ya rage shi ne gwani, wanda yaranmu ke kwana a kai, wani ɗan Ayalan mai suna Brendan Greene ne ya yaɗa shi ta hanyar faci a kan Arma 2 a 2013. Daga nan PUBG ya fito a 2017, Free Fire ya biyo shi a ƙarshen shekarar. Da masu Arma sun aika masa takarda tun ranar farko, ban san me Garena zai riƙa sayar wa yaron Hajiya ba.

Labarin Rockstar da uwar kamfaninsa Take-Two shi ya fi nuna mini cewa su kansu ba su tsaya a kan magana ɗaya ba. A 2015 sun rufe asusun masu FiveM, facin da ke bari mutane su buɗe nasu garin a cikin GTA V, wani ya zama ɗan sanda, wani direban taksi, wani likita. Sun ce abin na taimaka wa satar fasaha. A watan Agusta na 2023 suka sanar cewa ƙungiyar da ke yin FiveM ta zama ɓangaren Rockstar. A 2017 sun tsayar da OpenIV, manhajar da kusan duk masu facin GTA ke aiki da ita, jama'a suka yi musu ca a Steam, cikin makonni suka sassauta, suka fitar da sanarwa cewa galibi ba za su bi facin da mutum ke bugawa shi kaɗai kuma ba na kasuwanci ba. A Maris na 2021 wani mai kiran kansa t0st ya gano dalilin da ya sa GTA Online ke daɗewa kafin ya buɗe, ya rage jiran da kusan kashi 70 cikin ɗari. Suka gode masa, suka ba shi dalar Amurka 10,000. A watan Satumba na 2021 ɗin dai suka maka wasu a kotu, waɗanda suka warware cikin GTA III da Vice City suka sa su aiki lafiya a sababbin na'urori. Wata biyu bayan nan kamfanin ya fitar da nasa sabon bugun, ya zo da matsaloli har sai da ya fito ya ba da haƙuri.

A nan ne nake ganin ainihin abin. Sau da yawa takardar ba don an cutar da kowa take zuwa ba, tana zuwa ne idan kamfani na shirin fitar da kaya, kuma ba ya so a ajiye nasa kusa da na ɗan sa-kai a gwada. Shekara guda bayan rufe aikin Guasti, Nintendo ya fitar da nasa Metroid II ɗin a 2017. An ce ya yi kyau, kuma waɗanda suka buga na ɗan Ajantinan su ne sahun gaba wajen son Metroid. Wa ya yi asara da ya bar su duka biyu? Shi Guasti wani kamfanin ne ya ɗauke shi aiki daga baya.

Ana yawan cewa dole ne kamfani ya kai ƙara, in ba haka ba haƙƙinsa zai zube. Yayana da kansa ya ce wannan rabin gaskiya ce: tambarin kasuwanci na iya raunana idan aka bar kowa na amfani da shi, amma haƙƙin mawallafi ba ya zubewa don ka yi shiru, kuma kana iya ba da izini a rubuce. Ga misalai a fili. Masu Doom sun tsara wasansu tun 1993 yadda kowa zai iya ƙara masa ɗakuna, a 1997 suka saki tushen manhajar ga duniya. Bethesda na raba kayan aikin faci kyauta, shi ya sa Skyrim na 2011 ke raye har gobe. Sega ya ga wani ɗan Ostareliya, Christian Whitehead, yana gina tsohon Sonic da kansa, ya kira shi, suka fitar da Sonic Mania a 2017. Ko da yake Sega ɗin ma ya taɓa rufe wani aikin masoya na Streets of Rage a 2011, don kada a ɗauka waliyyi ne. Kotu ma ba kullum take tare da kamfani ba. A 1992 Nintendo ya sha kaye a shari'arsa da masu Game Genie, ƴar na'urar da ke sauya wasa yayin da kake bugawa a gidanka. A 1998 kuwa wata kotun ta hana wani kamfani da ya tattara ɗakunan Duke Nukem 3D da masoya suka zana ya zuba a faifai yana sayarwa. Tsakanin waɗannan hukunce-hukunce biyu, a ganina, iyakar take: wanda ya gyara don a ji daɗi daban, wanda ya buɗe kasuwa da kayan wani daban.

Na san abin da za a ce. Ni ma ai ina karɓar dalar sefa ashirin ko arba'in in zuba wa yaro PES mai faci a manhajar PPSSPP mai buɗe wasannin PlayStation na hannu a waya. Ina iya cewa kuɗin forfe ne da wuta da zaman jiran rezo, kuma haka ne, don saukar da gigabait ɗaya a nan aiki ne. Amma ba zan ce hannuna fari tas ba. Abin da zan ce kawai, sisin da nake karɓa ba daga aljihun Konami ya fito ba, don Konami bai taɓa buɗe kanti a Damagaram ba, kuma yaron da ke da waya mai memwar gigabait biyu ba ya cikin lissafinsa.

Wannan ne ya sa nake ganin maganar ta fi nauyi a wurinmu fiye da a Turai. Bature idan aka rufe masa faci, ya rasa wani ƙarin daɗi ne. Mu idan aka rufe, mun rasa hanya ɗaya tilo da za mu ga kanmu a allo. Babu ranar da EA zai aiko wakili ya sayi izinin Espoir ta Damagaram ko Sahel ko AS FAN. Akwai sharhin wasa da Larabci da Faransanci, babu da Hausa, duk da dubun-dubatar gidajen kallo daga nan har Kano da Sakkwato. Ba ƙiyayya ba ce, lissafi ne, ba mu da kuɗin da za su motsa su. To idan ka yanke cewa ba za ka taɓa yi mana ba, bisa wane dalili za ka hana wanda ya tashi yi? Kamar mai gida ne a Birni da ya yi shekaru bai leƙo ba, katanga ta tsage, ɗan haya ya kwaɓa ƙasa ya yi yaɓe kafin damina, sai ga mai gida da sammaci wai an taɓa masa gini. Gidansa ne, ba wanda ya ce ba nasa ba ne.

Kuma a yanzu ma ba takardar lauya ce ta fi kashe faci ba. Tsarin wasannin ne ya sauya. PES 2021 shi ne na ƙarshe. A Satumban 2021 Konami ya maye gurbinsa da eFootball, kyauta ne amma rayuwarsa na rataye da intanet, ya fito ba tare da yawancin abin da aka saba gyarawa ba, kuma a lokacin ya zama wasan da aka fi kushewa a Steam. EA ya rabu da sunan FIFA a 2023 ya kwashe tsofaffin wasannin daga shagunan intanet. Ubisoft ya kashe na'urorin da ke riƙe da wasan tsere The Crew a ƙarshen Maris na 2024, waɗanda suka biya kuɗinsu suka wayi gari ba abin da ke buɗewa, abin da ya haifar da koke a Tarayyar Turai wanda ya tara sa hannu fiye da miliyan ɗaya a 2025. Wasan da rabinsa ke zaune a kwamfutar kamfani ba ya faciwa. A garin da wuta ke ɗaukewa da tsakar zafin Afrilu kuma rezo ke zuwa yana komawa, ko buguwa ba ya yi.

Ɗan yayata yana karatun kwamfuta a Jami'ar André Salifou. Ba a aji ya fara koyon abin ba, a bayan kantata ya fara, yana buɗe fayilolin San Andreas yana mayar da motocin haya kalar namu, yana rubuta sunayen unguwanni a allunan titi. Kwanan nan ya zo da zance cewa zai yi cikakken faci, ya mayar da garin cikin wasan Damagaram, da fadar Sarki da duwatsun Birni da ƴan kabu-kabu, ya sa a intanet da sunansa.

Na ce masa in don koyo ne ya yi, ba wanda zai biyo shi nan. Amma in yana so abin ya zama nasa, ya tuna da ɗan Ajantinan nan da shekarunsa goma. Akwai injinan gina wasa na kyauta irin su Godot, wanda ba mai aiko maka takarda a kansa. Duwatsun Birni kuma ba na Rockstar ba ne.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, to kokawa zan yi. Fili, da makaɗa, da Takobi." Ya ce matsalar ɗaya ce, batirin kwamfutarsa ya mutu, da an ɗauke wuta take mutuwa da duk abin da bai ajiye ba, ko zan ranta masa kuɗin sabo. Na ce ya bari sai bayan Sallah.